Filin Tambaya da Amsa: Auna Haɗarin Girgizar Ƙasa, Daga Tsaunin Mambila Zuwa Yashin Lekki

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga Legas, kuma jirgi ɗaya ya kwaso su. Injiniyoyin gini da masana ilimin duwatsu da ke kula da wannan fili su ne suka amsa. Ta farko ta ci wuri da yawa, domin sauran amsoshin a kanta suka jingina.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan gine-gine. Aikina na shekarar ƙarshe shi ne in ƙiyasta ƙarfin girgizar ƙasar da ya kamata a sa a lissafin wata gada a hanyar Serti zuwa Gembu, inda ake hawa tsaunin Mambila. Malamina ya ce in fara da shata yankunan da girgiza ke tasowa. Na buɗe taswira na rasa ta inda zan kama.
*Ɗalibi, Akoka*

Wa alaikumus salam. Naɗe taswirar ka ajiye tukuna, ba da ita ake farawa ba. Da kundi ake farawa: jerin duk girgizar da aka taɓa ji ko aka auna a kewayen kilomita 300 daga inda gadar za ta zauna, kowace da ranarta, da wurinta, da zurfinta, da makinta. Za ka samu na zamani kyauta a intanet daga Cibiyar ISC da ke Ingila, mai tattara bayanan girgizar ƙasa na duniya, da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, na gida kuma ka nemi Cibiyar Toro ta jihar Bauchi da ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA. Kana zana da'irar nan za ka ga kusan rabinta ya faɗa cikin Kamaru. Kada ka yanke shi. Jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga teku ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya wuce ta yankin Bamenda, shi ne maƙwabcin Mambila mafi motsi, kuma girgiza ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Kundin da ka kwaso ɗanye ne, sai an gyara shi ta fuska uku. Na ɗaya, makin da ke ciki ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Akwai ma'aunin Richter na 1935, akwai wasu da suka biyo baya, kuma sukan saɓa da juna har da rabin maki. Mai da su duka ma'aunin da ake rubutawa Mw. Rabin maki ba abin rainawa ba ne: ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32, maki biyu sau 1,000. Na biyu, ka tsince ƙananan girgizar da ke biyo bayan babba. Lissafin da za ka yi ya ɗauka cewa kowace girgiza cin gashin kanta take yi, to in ka ƙirga uwa da 'ya'yanta hamsin a matsayin girgiza hamsin da ɗaya, ka cika wa yankin laifin da bai yi ba. Hanyar Gardner da Knopoff ta 1974 ita aka fi bi wajen wannan tsinta.

Na uku shi ne inda ɗalibai suka fi faɗuwa, kuma a ƙasar tsaunuka ya fi muni. Kundin ba cikakke ba ne. Girgiza mai maki 6 ko a 1930 ta faru, na'urorin Turai za su iya kama ta. Mai maki 3.5 a bayan Gembu a 1960 kuwa, in ba wani malamin mishan ko jami'in gunduma ya rubuta ba, ta tafi ke nan. Saboda haka kowane maki yana da shekarar da daga ita za ka yarda an daina ɓacewa. Ka zana jimillar adadin girgizar a kan shekaru, maki-maki. Inda layin ya miƙe ya daina lanƙwasa, daga nan ƙirgarka ta wannan makin za ta fara. Wanda ya raba girgiza 20 a kan shekara 100, alhali na'urar da ke iya jin su ba ta wuce shekara 40 da kafawa ba, ya rage haɗarin da fiye da rabi ba tare da ya sani ba.

Yanzu ɗauko taswirar. Yankin tushe fili ne da ka kewaye da layi ka ce: a cikin nan, ko'ina girgiza na iya tasowa, kuma yawanta ɗaya ne. Abin da zai ja maka hannu wajen jan layin shi ne yanayin duwatsun, ɗigon da ke kan taswira shaida ce kawai. Dalili kuwa, a inda tasoshin aunawa suka yi ƙaranci, ɗigon kan kauce wa ainihin wurin da kilomita gommai, zurfin kuma sau da yawa ba a auna shi ba, kilomita 10 kawai ake rubutawa don a cike gurbi. In ka ga rabin kundinka duk zurfinsu 10 ne cif, ka san abin da ya faru ke nan. A aikinka muna ganin aƙalla yanki uku: jerin duwatsun Kamaru, kwarin Binuwai, da tsohon dutsen da Mambilar kanta ke zaune a kai. Na ukun shi ake kira yankin shimfiɗa, kuma tilas ne ka sa shi ko da kundin ya nuna kusan babu komai a cikinsa, saboda matsakaiciyar girgiza a kilomita 15 ta fi babba a kilomita 250 yi wa gada illa.

Faɗin yanki ma yana da tarko. Ka faɗaɗa shi ninki biyu da girgizar da ke ciki, ka tsinka haɗarin kamar an ƙara wa kunu ruwa. Ka matse shi a kan ɗigo biyar da suka taru wuri ɗaya, ka ƙirƙiro wuta a inda wataƙila dacewa ce kawai. Mafi haɗari shi ne iyakar yanki ta bi kusa da wurin aikinka: ka matsar da ita kilomita 20 gabas ko yamma, ka ga amsar ta canza. Gwada hakan da gangan, ka rubuta abin da ka gani a rahotonka.

Sai tsagogin dutse. In an san tsaga tana raye, ana ware ta a ba ta nata lissafin, domin tsawonta yana faɗin iyakar abin da za ta iya. A ƙididdigar Wells da Coppersmith ta 1994, tsagar da ta ɓalle tsawon kilomita 20 tana ba da wajen maki 6.6, mai kilomita 50 wajen maki 7. Amma ba duk miƙaƙƙen kwari da ka hango a hoton tauraron ɗan'adam ba ne tsaga mai rai. Tsagar Ifewara zuwa Zungeru da ake yawan ambata a Najeriya ta haura shekara miliyan 500. Tsawonta ba hujja ba ce cewa za ta ɓalle gaba ɗaya. Ana tabbatar da rai ne ta haƙa rami na mita biyu zuwa huɗu a gicciye da tsagar, a duba ko ta yanka sabuwar ƙasa, a auna shekarun gawayin da ke cikin ƙasar. A tsauni mai ruwan sama kamar Mambila, zaizaya kan share wannan shaida. Wata tsagar ma ba ta leƙowa sama ko kaɗan: girgizar Nefal ta 25 ga Afrilu 2015, mai maki 7.8, ta kashe mutum kusan 9,000 ba tare da tsagar ta fasa doron ƙasa ba.

Daga nan sai ƙirga. Gutenberg da Richter sun nuna a 1944 cewa a yawancin wurare, duk ƙarin maki ɗaya yana rage yawan girgiza kusan sau goma. Lambar da ke riƙe da wannan ragi ita ake kira b, kuma takan zauna kusa da 1. Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda take aiki. A ce yankinka ya yi girgiza 20 masu maki 4 zuwa sama a shekara 40, wato ɗaya duk shekara biyu. Da b na 1, mai maki 5 za ta zo sau ɗaya a shekara 20, mai maki 6 sau ɗaya a shekara 200. Ka mai da b ta zama 0.8, mai maki 6 ta dawo sau ɗaya a shekara 80. Ka ga girgiza 20 ba su isa su tsai da b ba. In kundinka ƙarami ne, haɗa dukkan yankunan ka fitar da b guda, ka bar yawan girgizar kawai ya bambanta.

Kowane yanki kuma yana bukatar rufi, wato mafi girman makin da za ka yarda zai iya kaiwa. Al'adar ƙara rabin maki a kan mafi girman da aka taɓa gani ba ta dace da mu ba, tarihinmu na rubuce gajere ne. Dubi maƙwabta masu irin dutsenmu: Akara ta sha mai wajen maki 6.5 a 22 ga Yuni 1939, arewacin Gini ta sha mai maki 6 da ɗoriya a 22 ga Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwa, Botswana ta sha mai maki 6.5 a Afrilun 2017 a wurin da ba a zata ba. Wanda ya rufe yankin Najeriya a maki 5 sai ya kawo hujja mai ƙarfi.

Abu na gaba shi ne yadda jijjiga ke raguwa da nisa. Najeriya ba ta da isassun bayanai na manyan girgiza da za ta gina nata lissafin, aro ake yi, kuma a aron ake kuskure. Na Kalifoniya bai dace ba, dutsensu a farfashe yake, yana shanye jijjiga da wuri. Tsohon dutse mai sanyi irin namu yana kai ta nesa, kamar yadda girgizar jihar Bajiniya ta 2011, mai maki 5.8 kacal, aka ji ta har Kanada. Ari na gabashin Amurka don yankin shimfiɗa da kwarin Binuwai, ka ɗauki biyu ko uku, ka ba kowane nauyinsa. Kada ka kashe lambar warwatsuwa da ke tare da kowane lissafi don amsar ta yi kyau. Girgiza biyu masu maki ɗaya a nisa ɗaya suna iya bambanta ninki biyu, kuma wannan bambancin na cikin haɗarin.

Haɗa duk wannan ita ce hanyar da Allin Cornell ya shimfiɗa a 1968, kuma manhajar OpenQuake za ta yi maka ita kyauta. Abin da za ta ba ka lambar ƙarfin jijjiga ce a kan dutse tsantsa. Ƙafar gadarka kuwa a cikin kwari za ta zauna, kan yashi da tsakuwar da kogi ya tara, da gangare a bisa kanta. Karanta amsa ta uku da ta huɗu kafin ka ce ka gama.

Injiniyan da ke zana mini bene ya ce ya yi lissafi da girgizar shekara 475. Ni kuwa na ce masa ko jikokina ba za su kai ba, don me zan ƙara kuɗin rodi?
*Wani ɗan kasuwa, Mile 12*

Alhaji, Allah ya sa albarka a ginin. Lambar nan ba alƙawarin ranar zuwa ba ce. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin 475 a samu jijjigar da ta kai wannan ƙarfi ko ta wuce. Ka tara wannan a shekara 50, wadda ita ce rayuwar da ake ƙiyasta wa gida, ya zama kashi 10 cikin 100. Wato a gidaje goma irin naka a garuruwa goma daban-daban, ana sa ran ɗaya zai gamu da ita. In an ce maka tirela ɗaya cikin goma da ke ɗauko albasa daga Aliero ba za ta iso ba, ai ba za ka ce abin ya yi nisa ba. Kuma in ta zo bana, lissafin baɗi bai ragu ba.

Ga gine-ginen da ba a son su faɗi ko ta halin ƙaƙa, akan ɗaga zuwa kashi 2 cikin 100 a shekara 50, wato shekara 2,475. Manyan madatsun ruwa kan kai 10,000. A Legas lambar da ke fitowa a kan dutse ƙarama ce, don haka ƙarin da injiniyanka ke nema galibi na zoben da ke ɗaure rodin ginshiƙi ne da kyautata mahaɗa. Ka biya.

Legas ba dutse, ba tsauni, ba mu taɓa jin girgiza ta rushe gida ba. Muna shirin sayen gida a hawa na takwas a wani bene da aka gina kan filin da aka cike da yashi. Akwai abin dubawa ta wannan fuska, ko tsoro ne kawai?
*Wata uwargida, Lekki*

Hajiya, gaskiya ne ba a ƙarƙashin Legas ake jin tsoron girgiza za ta taso ba. Amma ta sha leƙowa daga maƙwabta. Ta Akara ta 1939 an ji ta a nan, kuma tsakanin biranen biyu wajen kilomita 400 ne. Ta Ijebu-Ode ta 1984 ta kaɗa garuruwan Ogun da Ibadan. Ta 11 ga Satumba 2009, wadda ta taso daga kusa da Allada a Jamhuriyar Benin, ta tashi mutane daga barci a sassan Legas da Ogun da Oyo. Babu wadda ta yi ɓarna a nan. Abin da ke sa injiniya ya ƙi sakin jiki shi ne irin ƙasar da birnin ke zaune a kai.

Ɗauki faranti ki ɗora curin tuwo mai tauri a gefe ɗaya, kwanon koko a ɗaya gefen, ki ɗan girgiza farantin. Tuwon zai bi farantin ya tsaya. Kokon zai yi ta tangaɗi bayan kin daina. Laka da yashi mai ruwa haka suke yi wa jijjiga, su ƙara mata girma su kuma ja mata lokaci. Birnin Meziko ya ga haka a 19 ga Satumba 1985: girgizar ta taso a gaɓar teku, nisan kilomita 350 ko fiye, amma unguwannin da ke kan lakar tsohon tafki su suka rushe, kuma benaye masu hawa shida zuwa sha biyar suka fi shan kashi, alhali ƙananan gidaje na kusa da su sun tsaya.

Dalilin zaɓen nan shi ne kowace ƙasa tana da nata lokacin lilo, kowane bene ma haka. Na bene, a ƙiyasin gaggawa, ki raba yawan hawa da goma: hawa takwas, daƙiƙa 0.8. Na ƙasa, a ninka kaurin ƙasa mai laushi sau huɗu a raba da saurin da jijjiga ke ratsa ta. Laushi mai kaurin mita 30 da saurin mita 150 a daƙiƙa yana ba da daƙiƙa 0.8. In lambobin biyu suka haɗu, kamar mai tura lilo ne da ya san lokacin turawa. Ƙa'idar gini ta Turai, wadda injiniyoyinmu da yawa ke ara, ta kasa ƙasa bisa wannan saurin a mita 30 na sama: sama da mita 800 a daƙiƙa dutse ne, ƙasa da 180 laushi ne. Jar ƙasar Ikeja da Agege ba ɗaya take da cikon bakin ruwa ba.

Ciko yana da wata matsala ta daban. Yashin da bai daddatsu ba, in ruwa ya cika shi, jijjiga mai ƙarfi takan sa ya saki ya koma kamar kunu na ɗan lokaci. A Niigata ta Japan a 1964 benaye sun kwanta a gefensu ba tare da bangonsu ya fashe ba. Wannan yana bukatar jijjiga mai ƙarfi, wadda yiwuwarta a Legas kaɗan ce, amma tambayoyin da za ki yi duk ɗaya ne. Ki nemi rahoton gwajin ƙasa: rijiyoyin gwaji nawa aka haƙa, zurfin mita nawa, bugu nawa guduma ta yi kafin bututun gwaji ya nutse santimita 30. Bugu ƙasa da goma a yashi mai ruwa alama ce ta sako-sako. Ki tambayi zurfin turakun da ginin ke tsaye a kai da ko an gwada su da nauyi. Ki sauka ki dubi hawan ƙasa: in duk ginshiƙai ne tsirara don ajiye motoci, babu bangon kankare ko ɗaya da ya tashi daga harsashi har sama, wannan shi ne hawan da ke fara durƙushewa.

Mu faɗi gaskiya kuma, benayen Legas ba girgiza suke jira ba. Mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40 a ranar da ƙasa ba ta motsa ba. Takardun nan da muka ce ki nema su ne dai za su nuna miki ko an yi ginin da tsoron Allah.

Ni mutumin Gembu ne, sana'a ta kawo ni Legas. Ina da fili a gida a kan tudu, ta baya dutse ne, ta gaba gangare. An ce mini gini a kan dutse ya fi aminci in ƙasa ta girgiza. Haka ne?
*Wani mai sayar da shanu, Agege*

Malam, rabin maganar gaskiya ne. Dutse a shimfiɗe ya fi laka, babu musu. Amma ƙoƙuwar tudu da bakin gangare suna tara jijjiga kamar yadda saman bishiya ya fi gindinta kaɗawa. Ƙa'idar Turai ta ce in tudu ya haura mita 30 kuma karkatarsa ta wuce digiri 15, a ƙara aƙalla kashi 20 cikin 100 a kan lambar. In siririn tudu ne mai karkata sama da digiri 30, a ƙara aƙalla kashi 40 a kusa da ƙoƙuwa. Ja ginin baya daga baki shi ne magani mafi arha.

Babban abin tsoro a tsauni shi ne abin da ke gangarowa. Binciken David Keefer na 1984 ya nuna girgiza mai wajen maki 4 ta isa ta saki duwatsu daga gangare mai tsayi, kuma wannan makin ba baƙo ba ne a yankinku. A Nefal a 2015 ƙauyen Langtang ƙanƙara da duwatsu ne suka binne shi. A tsaunukan Atlas na Maroko, a daren 8 ga Satumba 2023, girgiza mai maki 6.8 ta kashe mutum kusan 3,000, yawancinsu a ƙauyukan gidajen ƙasa da dutse, sannan duwatsun da suka zubo suka toshe hanyoyin da masu agaji za su bi. Wannan yanki ne da ya daɗe shiru, taswirorin haɗari ma ba su sa shi a sahun gaba ba. A Sichuwan ta Sin a 2008 zaftarewar ƙasa da girgiza ta jawo ta datse koguna ta yi tafkuna, har sai da aka kwashe dubban mutanen da ke ƙasa da su.

Akwai lissafi mai sauƙi da injiniya zai yi maka, daga hanyar Newmark ta 1965. Kowane gangare yana da rarar ƙarfi, wato yadda abin da ke riƙe shi ya fi abin da ke jan sa ƙasa. In rarar ta kai 1.2 a gangare mai digiri 30, fizgar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar ta isa ta fara motsa shi. In damina ta jiƙa shi rarar ta sauko 1.05, rubu'in wannan fizgar ta isa. Shi ya sa girgiza ɗaya a watan Agusta da a watan Fabrairu ba ɓarna ɗaya suke yi ba.

Kafin ka sa harsashi, hau bayan filin da ƙafarka bayan an yi ruwa. Bishiyoyin da gindinsu ya lanƙwashe kamar sandar makiyayi, tsagar ƙasa mai siffar jinjirin wata, ruwa da ke tsattsafowa daga tsakiyar gangare, manyan duwatsu da ke zaune a ƙasan fili ba tare da wanda ya kawo su ba, duk suna gaya maka tudun yana tafiya. In za a yanka tudu a daidaita, kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ƙasar da aka yanko a gaba, a gina rabin gida a kan yanka rabi a kan ciko. Cikon zai zauna, yankan ba zai zauna ba, gidan ya rabe a tsakiya. Harsashin duka ya sauka kan ƙasa ta asali. Bangon da zai tare yankan a bar masa ramukan fitar ruwa duk mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da tsakuwa a bayansa, a kuma haƙa lambatu a sama ya karkatar da ruwan tudu. Gidan kansa a ɗaure shi da ɗamarar kankare mai rodi a kan harsashi da saman tagogi, ta zagaye ba yankewa, kusurwoyi a saƙa su da juna, rufi ya zama marar nauyi.

A unguwarmu ta asali a Abuja, Mpape, ƙasa ta yi ta motsi a 2018. Wasu sun ce nakiyar masu fasa dutse ce, wasu sun ce girgiza ce. Ana iya bambancewa?
*Wani tela, Idi-Araba*

Ana iyawa, in akwai na'ura a kusa. Girgiza tana aiko da kaɗawa iri biyu: ta farko mai turawa, tana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu mai kaɗawa gefe da gefe, wajen kilomita 3.5. A girgiza ta gaskiya ta biyun ce mai ƙarfi. Nakiya kuwa turawa take yi ta kowace fuska, don haka ta farkon takan fi fitowa, kuma a saman ƙasa take, ba a zurfin kilomita biyar ko goma ba. Tazarar daƙiƙoƙin da ke tsakanin isowar biyun, in aka ninka da takwas, tana ba da nisan wurin a kilomita. Tasha uku suka ba da nisansu, an sami wurin.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar na'ura. Masu fasa dutse da rana suke aiki, galibi a sa'o'i sanannu. Motsin Mpape na farkon Satumban 2018, kamar na Kwoi a kudancin Kaduna a Satumban 2016, ya yi ta maimaituwa har cikin lokutan da ba na aiki ba. Wannan bambancewar tana da amfani ga ɗalibinmu na Akoka ma: ya jera kundinsa bisa sa'ar da kowace girgiza ta faru, in ya ga ƙananan sun taru tsakanin sha biyun rana da la'asar, ranar Lahadi kuma babu ko ɗaya, to wurin fasa dutse ya ƙirga, sai ya cire su kafin ya fitar da b.